An ce in shiga binciken abinci na mako 12, za a ɗibi jinina sau uku. Me kuka gani?

Maman Khalifa: Assalamu alaikum 'yan gida. Shawara nake nema, don Allah wanda ya san abin ya yi magana.

Ranar Talata na kai Khalifa rigakafi. Muna zaune a kan benci sai wata budurwa mai katin aiki a wuya ta zo ta gaishe mu, ta ce suna bincike kan ƙarancin jini a jikin mata masu shayarwa, wadda ta yarda za a ɗan soki yatsanta a duba. Na miƙa hannu, don dama na kwana biyu ina jin jiri in na tashi daga durƙuso, ga kasala tun da hantsi. Ɗan injin ya nuna 10.4. Ta ce macen da ba ta da ciki, in ta gaza 12 to jininta bai cika ba.

Daga nan ta ce in ina so zan iya shiga binciken. Mako 12 ne. Za su riƙa ba ni garin kunu in dama kullum da safe. Garin iri biyu ne, ɗaya an ƙara masa sinadarin ƙarfe mai ƙara jini ɗaya ba a ƙara ba, kuma ƙuri'a ce za ta zaɓa mini, ni da ita duk ba za mu san wanda na samu ba sai an gama. Za a ɗibi jinina sau uku, a auna nauyina, a riƙa tambayata abin da na ci. Duk zuwa akwai kuɗin mota. Ta ba ni takarda shafi huɗu, Hausa da Turanci, ta ce in je gida in yi shawara.

Baban Khalifa ya ce bai hana ba bai kuma sa ni ba. Amma Hajiyarsa da ta ji, sai ta ajiye carbinta ta ce jini ba abin wasa ba ne, ko na manta abin da aka yi wa yara a Kano? Tun ranar zuciyata ta rabu biyu.

Baffa na Fagge: Wa alaikumus salam 'yata. Hajiya ta faɗa miki gaskiya, ku yaran yanzu ba ku ga 1996 ba. Shekarar sanƙarau ya kashe mutum fiye da 10,000 a ƙasar nan, Asibitin Zana ya cika har tsakar gida. A cikin wannan tashin hankali kamfanin Pfizer ya zo ya gwada sabon maganinsa Trovan. Yara 200 aka sa a gwajin, rabi aka ba su sabon, rabi aka ba su wani da aka riga aka sani. Yara 11 suka rasu, biyar a ɓangaren Trovan, shida a ɗaya ɓangaren, wasu suka tashi da kurumta ko shanyewar jiki. Kamfanin ya ce cutar ce ta yi ɓarnar, ba magani ba. To ko ma mene ne, iyaye sun ce ba wanda ya gaya musu gwaji ake yi. Takardar izinin kwamitin ɗa'a, wato masu duba tsarin bincike kafin a fara don kada a cuci mutane, da aka nuna ma, daga baya aka gano bayan an gama aikin aka rubuta ta aka sa mata tsohuwar rana. Sai 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75, sai 2011 iyalai huɗu na farko suka karɓi diyya. Shekara 15 ke nan.

Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Ni dai 'yata ba za ta zama zakaran gwajin dafi ba.

Ummu Hanan: Wallahi Baffa ka gama magana. Maman Khalifa ki sayi zogale da hanta ki ci, ki rabu da su.

Anti Nas: Baffa, Allah ya ƙara girma, ba abin da zan cire daga maganarka. Mu ma'aikatan lafiya mu muka fi kowa shan ɗacin abin, domin lokacin da aka dakatar da rigakafin shan-inna a Kano daga 2003 zuwa tsakiyar 2004, wannan labarin na cikin abin da mutane ke kafa hujja da shi a ƙofar gida. Amana in ta zube ba ta kwasuwa duka.

Amma ka duba laifin da aka yi a 1996: ɓoyewa. Ba a gaya wa uwa ba, ba a ba ta zaɓi ba, ba a ba ta lokaci ba, ɗanta yana sanƙame a hannunta. Ita kuwa Maman Khalifa an gaya mata bincike ne, an ba ta takarda da harshenta, an ce ta je gida. Tun 2007 Najeriya ke da ƙa'idar ɗa'ar binciken lafiya ta ƙasa, dokar lafiya ta 2014 kuma ta ƙara mata ƙarfi: ba a taɓa mutum da sunan bincike sai kwamitin ɗa'a ya duba tsarin, sai kuma shi mutumin ya yarda a rubuce, kuma yana da ikon fita duk ranar da ya ga dama. Ban ce kowa na bin ƙa'idar ba. Na ce yanzu akwai sandar da za ki riƙe.

Maganar jini kuma, ƙanwata, ki tambaya nawa za a ɗiba. Yawanci irin wannan 'yar kwalbar mai tsawon yatsa ce, mililita 5, cikin ƙaramin cokalin shayi ke nan. Jikin babba na ɗauke da kusan lita 5. Wanda ya ba da gudummawar jini ana ɗibar masa wajen mililita 450 a zama ɗaya ya tashi ya tafi kasuwa.

Abban Sadiq: Anti, ni ba allurar ce ta dame ni ba, kuɗin motar ne. Banza ba ta kai zomo kasuwa. A wannan rayuwar da mudun gero ya gagari mutane, ka ce wa mace za ka ba ta garin kunu kyauta na wata uku har da kuɗi, sannan ka ce da yardarta ta sa hannu? Yunwa ce ta sa hannu. Me ya sa ba sa zuwa unguwannin masu kuɗi su nemi matan manya?

Anti Nas: Wannan tambayar taka ita kwamitocin ɗa'a ke daɗewa a kai. Shi ya sa ƙa'ida ta ce kuɗin kada ya wuce na mota da ɓata lokaci. In ka ga an ce za a ba ka abin da ya fi ƙarfin wahalar da ka sha, a nan ne ya kamata gabanka ya faɗi. Amma in ba a ba da ko sisi ba, mace ta biya kuɗin adaidaita sahu daga aljihunta sau shida don amfanin binciken wani, shi ma zalunci ne.

Ɗan Maraɗi: Salamu alaikum. Ku ba ni wuri in faɗi abin da idona ya gani a wajenmu.

Duk wanda ya san yunwar 2005 a Nijar ya san layin mata a ƙofar likita, da yara masu tamowa a goye, hannu kamar sillen kara. Ana zagaya ɗan ma'aunin nan mai launi uku a damtsen yaro, in ya faɗa ja an san rai na hannun Allah. Kafin lokacin, yaro irin wannan sai an kwantar da shi a ba shi madara ta musamman, uwa ta bar gona da sauran 'ya'ya ta zauna makonni. Sai ga kullun gyaɗar nan na cikin leda, Plumpy'Nut, wanda wani likitan Faransa André Briend ya haɗa tare da kamfanin Nutriset a 1996. Gyaɗa ce da madarar gari da sukari da mai da sinadarai, leda ɗaya giram 92, ba a dafawa, ba a zuba ruwa. A shekarar nan ta 2005 ƙungiyar likitocin MSF ta yi wa yara fiye da 60,000 magani a Nijar, mafi yawansu a gida uwa ke ba su.

To wa ya tabbatar yana aiki? Uwaye ne irin Maman Khalifa, a Malawi da Habasha da nan wajenmu, da suka yarda aka auna 'ya'yansu mako bayan mako aka rubuta. A 2006 an yi wani a jihar Maraɗi, ƙauyuka 12: shida aka raba wa yaransu leda ɗaya kullum har wata uku tun kafin su rame, shida ba a raba ba, aka bi yara fiye da 3,000 ana awo. Sakamakon ya fito a 2009, ya nuna ramewa ta ragu sosai a inda aka raba. Yau in ɗanki ya kamu da tamowa a Katsina ko Sakkwato ko Damagaram aka miƙo miki ledar nan, guminsu kike ci. Baffa, shekarar da aka yi abin Kano ita ce shekarar da aka haɗa abincin nan. Duka biyun sunansu bincike.

Baffa na Fagge: Na ji ka ɗana. Amma ƙauyuka shidan da ba a ba su ba fa? Su yaransu ba 'ya'ya ba ne?

Ɗan Maraɗi: 'Ya'ya ne Baffa. Duk yaron da aka auna aka ga ya faɗa tamowa, ko daga wane ƙauye yake, ana tura shi a yi masa magani. Abin da ba a sani ba shi ne ko rabawa tun yaro na da lafiya tana da amfani, kuma ba yadda za a sani sai an gwada nan da can. Amma tambayarka ta zauna, ni ma ta taɓa hana ni barci.

Malama Mai Alli: Ina so in ja hankalinmu, kada mu ce tunda abinci ne ba magani ba shi ke nan babu cuta. A Kanada, daga 1948 zuwa 1952, an yi gwajin abinci a kan yaran 'yan asalin ƙasar kusan 1,000 a makarantun kwana shida. Yaran dama yunwa suke ji. A wata makarantar sai aka bar su shekara biyu kan madarar da ba ta kai rabin abin da ya kamata ba, don a samu abin kwatantawa kafin a ƙara. An hana wasu gyaran haƙori don kada ya ɓata lissafi. Iyayensu ba su sani ba. Sai a 2013 wani masanin tarihi, Ian Mosby, ya tono takardun.

Abin da ya sa na kawo wannan: Maman Khalifa jininta 10.4 ne, tana jiri, tana shayarwa. In ƙuri'a ta ba ta garin da ba a ƙara wa komai ba, haka za a zuba mata ido wata uku? Wannan ita ce tambayar da zan fara yi in ni ce. Kuma in jinin ya ƙara sauka a tsakiya, me za su yi?

Anti Nas: Malama kin taɓo inda ke ciwo. Maman Khalifa, rubuta wannan a saman takardarki.

Uwar Biyu: Ni na taɓa shiga irinsa lokacin cikin 'yan biyuna, bari in gaya muku yadda yake a aikace. Ba abin tsoro na gani ba, gajiya na gani. Ranar awo tun bakwai kina can ba ki karya ba. Sai a zaunar da ke a ce faɗi duk abin da ya shiga bakinki jiya tun daga asuba. Ki ce tuwo. A ce na me? Malmala nawa? A ɗauko malmalar roba manya da ƙanana a ce wacce ta yi kama da taki. Miya ludayi nawa, da man ja ko na gyaɗa, akwai daddawa, nama yanka nawa? Ranar farko kunya ta sa na ce yanka uku, alhali ko ƙashi babu a miyar. Da na koma gida abin ya tsaya mini a rai, zuwa na biyu na ce wa yarinyar ta gyara. Ta yi mini godiya har sau biyu.

Alherin da na samu, an gano hawan jinina da wuri aka tura ni wajen likita. Abin da ya ɓata mini rai kuwa har gobe: da aka gama suka tattara suka tafi. An ce za a kira mu a gaya mana abin da aka gano. 'Yan biyun yanzu suna aji uku, ko fulashin ba a yi mini ba. Jinina da lokacina sun zama takardar digirin wani, ni ko labari.

Ɗalibin Abinci: Hajiya Uwar Biyu, ki yafe mana. Na yi aikin tambayar nan gida-gida, kuma abin da kika faɗa gaskiya ne, laifinmu ne mu masu bincike. Kuɗin aiki kan ƙare ranar da aka kwashe samfuri, komawa wajen mutane sai a mai da shi kamar nafila. Alhali haƙƙi ne.

Amma ku bari in faɗi dalilin da ya sa duk da haka nake roƙon mutanenmu su riƙa shiga. Ƙididdigar lafiya ta ƙasa ta 2018 ta nuna mata 58 cikin 100 a Najeriya na da ƙarancin jini, yara 'yan ƙasa da shekara biyar kuma 68 cikin 100, sannan 37 cikin 100 sun tsumbure, kuma abin ya fi tsanani a nan Arewa. Maganin wannan ba zai zo daga binciken da aka yi kan mai cin burodi da cuku ba. Gero da dawa suna da sinadarin ƙarfe, amma suna da wani abu a dusarsu da ke riƙe shi ya hana hanji tsotsa. Jiƙawa da tsimawa, irin yadda ake yi wa gasarar koko, na rage wannan abin. Shayi a kan abinci na ƙara hanawa, lemun tsami ko gwaiba na taimakawa. To nawa ne ke shiga jinin macen da ta sha fura da rana ta ci tuwon dawa miyar kuka da dare, ga zazzaɓin cizon sauro, ga haihuwa kusa-kusa? Ba mai amsa wannan sai jikin macen nan.

Ko a Nijar, a 2018 an fitar da irin gero mai suna Chakti wanda aka zaɓo don yawan sinadarin ƙarfensa. Gwajin da ya fara nuna irin wannan geron na ɗaga ƙarfen jiki a kan 'yan makaranta aka yi shi a Indiya, da irin girkinsu. Namu girkin daban ne, mu muna surfe mu wanke mu dama.

Roƙona ɗaya, Maman Khalifa: in kin shiga, kada ki raba kunun da yara. Na san da wuya uwa ta sha abu yaro na kallonta. Amma in kin raba kika ce kin shanye, ƙarya ta shiga lissafin, kuma a kan lissafin za a yanke wa dubban mata hukunci. In kin raba, ki faɗa. Ba mai yi miki faɗa.

Yaya Na Amurka: Abban Sadiq ya ce talaka kawai ake nema. A nan inda nake mutane da ƙafarsu suke zuwa. A 2019 cibiyar binciken lafiya ta gwamnati da ke Bethesda ta fitar da sakamakon wani gwaji: mutum 20 suka yarda aka kwantar da su wata guda cur, ba fita. Mako biyu suna cin abincin kamfani na leda da gwangwani, mako biyu suna cin wanda aka girka daga ɗanyen kaya, kowa ya ci iya cikinsa, ana auna abin da ya rage a faranti. A makonnin abincin kamfani sai ga shi kowa na ƙara cin wajen kalori 500 a rana ba tare da ya lura ba, nauyi ya hau kusan kilo ɗaya, a ɗaya ɓangaren kuma ya sauka kusan haka. Mutum 20 kacal, amma duniya ta ɗauka.

Kafin su, a 1944 a Minnesota, samari 36 da suka ƙi zuwa yaƙi saboda aƙidarsu sun ba da kansu aka sa su yunwa da gangan na mako 24, suka zubar da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsu, don a koyi yadda za a farfaɗo da mutanen Turai da yaƙi ya bari da yunwa. Sun sha wuya sosai, har wasu hankalinsu ya taɓu. Yau ba kwamitin da zai yarda a maimaita shi.

Baffa na Fagge: Su sun iya karatu, kuma in an cuce su kotu na kusa. Mu fa? Mace nawa ce a layin rigakafin nan za ta iya karanta shafi huɗu?

Anti Nas: Wadda ba ta karatu, ƙa'ida ta ce a karanta mata a gaban shaidan da ba ya cikin masu binciken, sannan ta dangwala yatsa. Baffa, in irinku dattawa za ku riƙa zama shaidun nan, da an rage wasa da mutane.

Abu Mus'ab: Ni abin da ban gane ba, ana ta magana ba a ambaci mijinta ba. Ai shi ya kamata a ba takardar.

Malama Mai Alli: Malam, ta faɗa tun farko ta shawarce shi, kuma haka ya dace, zaman aure ba ya son ɓoye-ɓoye. Amma jijiyar da za a soka tata ce. Ko ya yarda, in ita ba ta yarda ba ba mai taɓa ta.

Abu Mus'ab: Wannan haka ne. Ta kuma tambayi abin da aka zuba a garin, a san halaccinsa.

Maman Khalifa: 'Yan gida na dawo, ku yi haƙuri da shiruna, kwana biyar ke nan. Na kwafe tambayoyinku a bayan wani littafi, guda tara, na roƙi Hajiya ta raka ni. Da farko ta ƙi, da na karanta mata maganar Baffa sai ta ɗauki mayafinta, ta ce gara ta je ta gani da idonta.

Budurwar ta kira shugabarsu, wata likita. Na fara da tambayar Malama. Ta ce wadda jininta ya yi ƙasa sosai ba sa ɗaukarta tun farko, magani ake ba ta. Ni za a riƙa duba yatsana duk zuwa, in ya sauka ƙasa da iyakar da suka sa za a cire ni a sa ni kan magani, kuma in an gama duk wadda jininta bai cika ba za a ba ta ƙwayoyin ƙarin jini kyauta. Ta nuna mini layin a takardar, ashe yana shafi na uku ban kula ba. Ta kuma ce in na fi son in fara shan maganin yau in bar binciken, wannan ma hanya ce mai kyau, za ta rubuta mini. Wannan maganar ce ta kwantar mini da hankali fiye da komai.

Garin gero ne da waken suya da gyaɗa. Hajiya ta sa aka buɗe leda ɗaya, ta shaƙa, ta lasa, ta ce a kawo kwalbar jinin ta gani. Ta juya ta a tafin hannunta ta daɗe ba ta ce komai ba. Lambar wayar kwamitin ɗa'a na ƙasan shafin ƙarshe, a gabansu na kira, wani mutum ya ɗauka ya tabbatar sun san da aikin.

Abu ɗaya ne bai gamsar da ni ba. Akwai wani akwati daban a takardar da ke neman izinin ajiye ragowar jinina don wani binciken nan gaba. Na ce wane bincike, a ina? Ta ce ba a tsara shi ba tukuna. Na ce to wannan ban yarda ba. Ta ce ba komai, ba zai hana ni shiga ba, na sa alama a wajen a'a. Maganar Uwar Biyu ma na yi, ta ce za su tara mu in sakamako ya fito. Na ce ta rubuta mini a kan kwafina ta sa hannu, ta rubuta.

Na sa hannu ranar Litinin. Yau kwana uku ina damawa, yana da ɗan ƙamshin gyaɗa. Khalifa na miƙo hannu, sai na dama masa nasa na gida a wani kofin tukuna in sha nawa.

Baffa na Fagge: Ni dai har yanzu da 'yata ce da na ce ta karɓi maganin ta dawo gida. Amma tunda kin shiga da idonki buɗe, Allah ya tsare ki. Ki adana kwafin nan inda ruwa ba zai taɓa shi ba, kuma duk ranar da aka duba yatsan ki zo ki gaya mana lambar. Ki gaida Hajiya.

Uwar Biyu: Ranar awo ki tafi da abin karyawa a jaka, layin na da tsawo.